Datsun 280Z ta 1977 da ke mutuwa idan ta yi zafi: in saya ko in haƙura?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin motocin Japan, domin akwai wata mota da ta hana ni barci kusan wata guda ke nan, kuma ba na son in zuba kuɗin da na daɗe ina tarawa a cikin abin da zai zame mini nadama.

Motar Datsun 280Z ce ta 1977, mai kujera biyu, mai giya biyar ta hannu, sitiyarinta a hagu, kuma a yadda aka gaya mini daga Amurka aka shigo da ita tun shekaru masu yawa. Tana ajiye a bayan gidan wani dattijo a nan Kumasi, a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, an lulluɓe rabinta da tamfol. Dattijon ya ce ya daina hawanta ne tun da gwiwarsa ta fara damunsa, saboda motar ƙasa-ƙasa ce, shiga da fita sai da ƙoƙari. Tun ina yaro nake ganin dogon hancin motar nan idan ta wuce ta titinmu, kuma ban taɓa zaton za a wayi gari a ce mini ta sayarwa ce ba.

Na je da batir sabo da galan ɗaya na fetur, muka zuba, ta tashi a bugu na uku. Muddin injin yana da sanyi, ƙararsa tana fita sumul, babu ƙwanƙwasa, babu shuɗin hayaƙi. Amma bayan kamar minti ashirin, da zarar allurar zafi ta kai tsakiya, sai ta fara tari, baƙin hayaƙi ya riƙa fita ta salansa, warin ɗanyen fetur ya cika wurin, daga nan ta mutu. Idan ta mutu kuwa ba ta sake tashi sai an bar ta ta huce na kusan awa ɗaya. Sau uku muka gwada a ranaku daban-daban, kuma kowane lokaci haka take yi. Na kwance fulogi biyu na duba, na same su baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, amma a bushe, babu maiƙon baƙin mai a jikinsu.

Na kawo bakanike biyu daga Magazin, unguwar masu gyaran mota da ke Suame a nan Kumasi. Na farko ya ce tsarin injekta na wancan zamani ya riga ya mutu, gara a cire shi gaba ɗaya a ɗora kafireta irin ta tsohuwar Patrol. Na biyu ya ce in daina wahalar da kaina, a fitar da injin a dasa na Toyota wanda kayansa suke ko'ina. Duka biyun ba su ɗauki mita sun auna komai ba, abin da ya sa zuciyata ba ta kwanta da maganarsu ba ke nan.

Game da jikinta, fentin ja ne, kuma daga nesa yana da kyau, sai dai na ga wasu ƙuraje a ƙasan ƙofofi da kuma gefen gilashin baya. Dashbod ya tsage wuri biyu. Kuɗin da dattijon ya faɗa ya kai a sayi Corolla ta hannu mai lafiya, wadda mutum zai hau gobe ya tafi Tamale ba tare da fargaba ba.

Tambayoyina uku ne. Mene ne yake kashe ta idan ta yi zafi, kuma ana iya gyara shi ba tare da an lalata asalin injin ba? Waɗanne wurare zan duba kafin in biya? Sannan wanda ya taɓa riƙe irin wannan mota a Gana, ya gaya mini gaskiya, shin abu ne mai yiwuwa ga mai albashi? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Masta na Suame:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi daidai da ka tsaya ka yi tambaya, kuma roƙona na farko shi ne kada ka bari kowa ya sa sifana a jikin injin nan da niyyar cire wani abu kafin a auna. Na yi shekaru ina gyaran injinan Nissan masu fistin shida a jere, kuma abin da ka bayyana ba alamar mutuwar inji ba ce.

Injin da ke cikin motarka sunansa L28, girmansa lita 2.8, gangar jikinsa ƙarfen zubi ce, kansa kuma alminiyom, kuma sarƙa ce take juya kam ɗinsa, ba bel ba. Irinsa ne aka sa wa wasu Patrol da Cedric, shi ya sa bakanikenka na farko ya kawo maganar kafiretar Patrol. Inji ne mai jure wahala ƙwarai. Motar farko a wannan zuriya, wato 240Z wadda ta fito a 1969, kafireta biyu gare ta, kuma ita ce ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da 1973, a kan hanyoyin da suka fi namu muni. Daga 1975 ne Nissan ta sa wa 280Z tsarin injekta irin na Bosch da ake kira L-Jetronic, saboda dokokin hayaƙi na Amurka. Tsarin yana da sauƙi fiye da na kowace mota ta yau, domin ba ya buƙatar kwamfutar bincike, mita ta auna wuta da agogon auna ƙarfin mai sun isa a gano kusan duk ciwonsa. Abin da ya sa yaranmu suke gudunsa shi ne ba su tashi sun same shi ba.

Ga yadda nake fahimtar ciwon. Inji mai sanyi yana bukatar fetur da yawa, kamar yadda ake jan cok a motar kafireta, idan ya yi zafi kuma sai a rage masa. Abin da yake gaya wa ƙwaƙwalwar motar cewa injin ya yi zafi wata ƙaramar sansa ce da ke ɗaure a gaban injin, a gidan tamostat, inda babban tiyon ruwa na sama yake fitowa zuwa lagireto. Idan ruwan yana da sanyi, kamar digiri 20, mita za ta nuna maka wajen om 2,500 a kan sansar, om kuwa shi ne ma'aunin yadda abu yake tare wutar lantarki. Idan ya kai digiri 80, adadin yana sauka zuwa wajen om 300. To idan soket ɗinta ya yi tsatsa, ko wayar ta kusa tsinkewa, adadin ba zai taɓa sauka ba, ƙwaƙwalwar za ta ci gaba da ɗauka cewa gari sanyi ne, ta yi ta ɗura fetur har fulogi su shaƙe. Baƙin hayaƙi, warin ɗanyen mai, fulogi baƙi a bushe, da ƙin tashi sai ta huce, duk sun dace da wannan.

Ka auna sau biyu. Da farko a kan sansar kanta, da sanyi da kuma zafi. Sannan ka kashe makulli, ka cire babban soket na ƙwaƙwalwar, wadda take ciki ta gefen ƙafar direba ta hagu, ka auna daga can. Idan a kan sansar lissafin daidai ne amma a can ciki ya yi sama, to laifin yana cikin waya ne, kuma sau da yawa a mahaɗan da ke cikin damin wayoyi a saman injin ake samunsa. Ka lura kuma, a gefen sansar akwai wata mai kama da ita wadda take kula da ƙaramar injekta ta tayar da inji da sanyi. Soket ɗinsu kusan iri ɗaya ne, kuma na sha ganin motar da wani ya musanya su ba da saninsa ba. Ita ma waccan ƙaramar injektar, idan tana ɗiga, za ta iya kawo irin wannan ciwo, saboda haka a kwance ta a gani ko bakinta yana jiƙewa bayan injin ya tashi.

Idan wannan duka lafiya ne, sai ka koma kan ƙarfin mai. A sa agogo tsakanin matatar mai da bututun da ke raba wa injektoci. Ya kamata a ga wajen fam 36, wato psi 36 a jikin agogon, idan famfon mai yana aiki injin bai tashi ba, ya ɗan sauka idan injin yana gunji a tsaye. Idan ya wuce haka sosai, ko dai na'urar daidaita ƙarfin ta lalace, ko bututun da ke mayar da mai tanki ya toshe, wanda abu ne da ake yawan samu a motar da ta daɗe a ajiye. Ka zare ƙaramin tiyon iska na wannan na'urar ka shinshina, idan akwai fetur a ciki to fatar cikinta ta fashe.

Akwai ciwo na biyu mai kama da wannan wanda ya kamata ka iya bambancewa. Akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, ko kwayil, suna iya ɗaukewa idan sun yi zafi su dawo idan sun huce. Amma wannan yakan kashe mota ne farat ɗaya, allurar juyin inji ta faɗi ƙasa nan take, ba tare da tari da baƙin hayaƙi ba. Taka tana shaƙewa ne a hankali, shi ya sa na fi zargin mai.

Abu ɗaya nake gargaɗinka da shi da babbar murya. A wannan injin, bututun shigar iska da na fitar hayaƙi duk a gefe ɗaya suke, kuma injektoci da gajerun tiyoyinsu suna zaune ne daidai saman ƙarfen da yake yin ja saboda zafi. Tiyon da ya shekara fiye da arba'in ba abin amincewa ba ne. Kada ka sake tayar da motar nan na minti ashirin ba tare da abin kashe gobara a kusa da kai ba, kuma idan za a canja tiyo, a sa na injekta mai jure matsi, kada a sa na kafireta don ya fi araha. Na ga wata 280ZX, samfurin da ya biyo bayan taka, da ta ƙone ƙurmus a gabanmu saboda wannan ganganci, mai ita yana tsaye yana kallo, babu abin da muka iya yi.

Kafin ka biya, ka sa a auna matsin kowane fistin da injin yana da ɗumi. Abin nema shi ne shidan su zo kusa da juna. Idan sun yi haka, injin nan zai iya fin ni da kai daɗewa.

Mai Walda na Asawase:

Salamu alaikum. Masta ya gama magana a kan inji, kuma ba ni da abin ƙarawa. Ni kuwa damuwata tana kan ƙurajen da ka ce ka gani, ɗan'uwa, domin a sana'ata abin da ya fito fili a fenti kaɗan ne daga abin da yake ciki.

Wannan mota ba ta da shasi daban irin na Patrol ko na fikof, wanda za a ɗaga bodi a ajiye gefe a gyara. Jikinta shi ne ƙashinta. Farantin ƙarfen da aka yi ta da shi siriri ne, kuma a shekarun 1970 ba a yi wa motocin Japan kariyar tsatsa irin ta yanzu ba. Idan ta yi zama a jihohin Amurka da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ta riga ta zo da ciwon a jikinta. Sannan ga ta a ƙarƙashin mangwaro a Kumasi, inda muke da damina biyu a shekara, ganye yana ruɓewa a magudanar ruwa da ke gaban gilashi, tamfol kuma yana riƙe laima maimakon ya kore ta.

Ka je da tocila, da sukudireba mai kauri, da ƙaramin maganaɗisu naɗe a tsumma don kada ya karce fenti, sannan ka nemi izinin dattijon a ɗaga motar. Wurin farko shi ne ƙarƙashin batir. Ruwan batir yana ɗiga shekara da shekaru, ya cinye mazauninsa, ya gangara ya ci bangon da ke tsakanin inji da fasinja, daga nan ya sauka kan dogon ƙarfen da ke ɗauke da inji da ƙafar gaba. Waɗannan dogayen ƙarafa biyu, hagu da dama, su ne rayuwar motar. Ka bi su da sukudireba tun daga gaba har inda suka shige ƙarƙashin kujeru, kana dannawa da ƙarfi, musamman wurin da sandar da ke riƙe ƙafar gaba take ɗaure. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa yana amsawa kamar kwali.

Bayan haka ka ɗaga kafet gaba ɗaya, kada ka tsaya a leƙa gefe. Akwai wani baƙin abu kamar kwalta da kamfani ya shimfiɗa a daɓen, kuma ruwa yana shiga ƙarƙashinsa ya yi ɓarna alhali samansa yana nan lafiya. Ka duba ƙasan ƙofofi, da lungun da ke gaban tayar baya, da ramin safaya taya, da bakin ƙofar baya inda gilashi yake sauka. Duk inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, foti aka cika, kuma mai cika foti ba ya cika shi a kan ƙarfe mai kyau.

Zan faɗi ra'ayina ko da ya saɓa wa abin da zuciyarka take so. Inji ana gyara shi a mako biyu, idan ma ya mutu ana samun wani. Daɓe da ƙasan ƙofa ni da yarana muna iya yanke faranti mu buga su da hannu, wannan aikinmu ne na kullum a Magazin. Amma idan dogayen ƙarafan nan sun ruɓe har motar ta fara sakin jiki, alamarsa kuwa ita ce ƙofa ta ƙi rufuwa daidai idan an ɗaga ta a jak, to aikin ya zama na watanni, kuma wanda bai iya ba zai walda maka ita a karkace, ta riƙa cin taya har abada. Idan ka tarar da haka a ɓangarorin biyu, ka yi wa dattijon godiya ka tafi.

Ka kuma tuna cewa gilashin gaba, fitilun baya, robobin ƙofa da dashbod ba a samun su a shagunanmu, sai an yi oda daga waje, kuma kuɗin jirgi da na kwastan wani lokaci ya fi kuɗin kayan. Saboda haka duk abin da yake jikinta lafiya, ko da ya tsufa, ka ƙirga shi a matsayin kuɗi. Tsagewar dashbod ba ta dame ni ba, kusan kowace irinta haka take.

Mazaunin Nima:

Assalamu alaikum. Ni daga Accra nake, kuma zan amsa tambayarka ta uku, domin na sha wannan ruwan. Shekarun baya na sayi Toyota Supra ta 1988, mai injin 7M na lita 3, daga hannun wani mutum da ya rantse mini cewa ba ta taɓa yin zafi ba. Na yi gwajin minti goma kawai, na biya. A mako na uku, a cikin cunkoson Circle, babbar mahaɗar titunan Accra, da rana tsaka, allura ta haura, na buɗe murfin baƙin mai na ga ya koma kamar madarar da aka dama da koko. Daga baya na fahimci cewa wannan injin sananne ne da ƙona gaskit na kai, saboda ba a ɗaure kusoshin kan da ƙarfin da ya kamata ba tun daga kamfani, kuma duk mai sayensa ya kamata ya fara tambaya ko an taɓa yin wannan aikin. Motar ta yi wata bakwai a garejin wani kafin in sake jin ƙararta. Kai ka fi ni sa'a, domin taka ta nuna maka ciwonta tun kafin ka biya.

Abin da na koya shi ne irin wannan mota ba ta zama motar mutum ta farko. Idan ita ce za ta kai ka aiki, ta kai yara makaranta, ta kai iyali asibiti da dare, to ka sayi Corollar. Idan kana da abin hawa, kuma bayan ka biya kuɗinta za ka iya ajiye wani kaso mai kauri don gyara ba tare da ka taɓa kuɗin cefane ba, to mai albashi yana iya riƙe ta, a hankali. A Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, na samu matatun mai, fulogi, bel, beyarin da abubuwan birki ta hanyar zuwa da tsohon a hannu a gwada, domin idan ka faɗi sunan motar kawai za a ce maka babu. Ta wannan fuskar Datsun ɗinka ta fi wasu sauƙi. Wani abokina ya so sayen Mazda RX-7, na hana shi, saboda injinta ba shi da fistin, wani abu ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki, kuma idan hatiman bakinsa suka cinye, samun wanda zai buɗe shi ya mayar daidai a nan babban aiki ne. Injinka kuwa duk tsohon bakanike ya san irinsa.

Sai maganar takardu, wadda masu son mota suke mantawa da ita saboda zumuɗi. Lambar shasin 280Z mai kujera biyu tana farawa da HLS30, harafin L ɗin yana nufin sitiyarin hagu, kuma an buga ta a jikin bangon da ke bayan inji. Ka kankare dattin ka karanta da idonka, ka gwada da abin da ke cikin takardun DVLA, hukumar rajistar motoci ta Gana, da na kwastan, harafi da harafi. Ka tabbata sunan da ke takardar na dattijon ne, idan kuma na wani ne da ya rasu, a warware maganar magada kafin kuɗi su fita daga hannunka. Motar da ba a biya mata kuɗin fito ba, kwastan suna iya kama ta ko bayan shekaru, kuma ba ruwansu da cewa kai ba ka sani ba.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin motar da ta riga ta shigo da takardu masu kyau tana da daraja ta musamman. Tun 1974 Gana ta koma tuƙi a hannun dama, kuma doka ba ta yarda a shigo da mota mai sitiyari a dama ba, saboda haka irin su Skyline GT-R na shekarun 1990, waɗanda a dama kawai aka ƙera su, ba namu ba ne. Motar da ta wuce shekara goma kuma ana ɗora mata tara a tashar Tema ban da kuɗin fito. Wanda ya ce zai yi odar irin taka daga waje yau zai gane cewa ta bayan gidan dattijon ba ta yi tsada ba, in dai ƙarfenta yana nan.

Ɗan Aboabo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na dawo da bayani, domin ranar Asabar mun koma da wani yaro mai aikin wayoyin mota, muka bi abin da Masta ya ce ɗaya bayan ɗaya.

Da injin ya yi zafi ya mutu, mun auna a kan sansar muka samu om 330, wanda ya nuna ita kanta lafiyarta lau. Da muka auna daga soket na ƙwaƙwalwa kuwa, mita ta nuna sama da 4,000, kuma adadin yana tsalle duk lokacin da yaron ya taɓa damin wayoyin. Muka warware tsohon salatif, sai ga mahaɗai biyu sun yi kore shar, ɗaya ma da siraran wayoyi uku kawai yake riƙe. Ya yanke su ya sa sababbi, ya wanke soket ɗin sansar, muka goge fulogi. Baba Masta, motar nan ta yi minti hamsin tana aiki ba tari ba hayaƙi, muka kashe ta muka sake bugawa ta tashi nan take. Dattijon ya fito daga ɗaki da sandarsa ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare, ya ce rabonsa da jin muryarta haka tun kafin a yi wa ƙaramar 'yarsa aure. Matsin fistin shidan ma ya zo kusa da juna. Tiyoyin injekta kuwa duk sun tsattsage kamar yadda aka yi gargaɗi, kuma ba za mu sake tayar da ita ba sai an canja su.

Labarin ƙarfe bai kai wannan daɗi ba. Mazaunin batir ya cinye, sukudireba ta shige daɓen gefen fasinja wuri biyu, kuma dogon ƙarfen dama yana da rami kamar tafin hannu daidai ƙarƙashin batir. Na hagu ya amsa da ƙara mai kyau tun daga gaba har baya. Da muka ɗaga ta a jak, ƙofofin biyu sun buɗe sun rufe ba tare da sun kama ba. Maganaɗisu ya ƙi kamawa a gaban tayar baya ta dama kawai. Lambar shasi ta dace da takardu, kuma sunan dattijon ne a kai.

Ban ɓoye masa komai ba, na nuna masa gyaran da muka yi da kuma ramukan da muka gani, shi ma ya yarda ya rage kuɗin gwargwadon aikin walda. Ina da babur da nake zuwa aiki da shi, saboda haka ba zan dogara da ita ba. Malam mai walda, wannan ramin na dama yana cikin abin da ka ce a gudu, ko yana cikin abin da ake gyarawa?

Mai Walda na Asawase:

Ana gyara shi, ɗan'uwa, tunda ɓangare ɗaya ne kuma ƙofofi ba su kama ba. Sai dai ka sani cewa ramin da ka gani kamar tafin hannu, idan aka kankare har aka kai ƙarfe mai haske, zai iya ninka haka sau biyu ko uku, saboda irin wannan ƙarfe daga ciki yake ruɓewa. Kada ka yarda a ɗora faci a kan tsatsa. A yanke duk ruɓaɓɓen, a buga sabon faranti mai kaurin na asali, kuma kafin a yanka a ɗora motar a kan ƙasa mai daidai, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa a rubuta, a ɗaure ta da ƙarfen tokara don kada ta motsa. A yi waldar lantarki ta waya, a guji ta gas a wannan wurin, domin zafinta yana lanƙwasa faranti siriri. A cire ƙwaƙwalwar motar da batir, a kawar da duk bututun mai da na birki da ke kusa kafin wuta ta taɓa ta, kuma a fesa maganin tsatsa a cikin ƙarfen bayan an rufe.

Kada ka tuƙa ta zuwa Magazin, ko da injin yana aiki. Birkin da ya yi shekaru a tsaye ba a gwada shi a titin Suame, kuma tayoyin sun riga sun bushe ko da zanensu yana nan. Ka ɗauko motar ja a ɗora ta. Fenti kuwa ka bar shi sai ƙarshe, bayan ƙarfe, birki, tanki da tiyoyi, ko da zai kai baɗi. Idan kun ɗaga kafet ɗin gaba ɗaya, ka ɗauki hoton daɓen da na ƙarƙashin batir da rana ka sa a nan, in ga iyakar inda za a yanka.